Kwana 21 a gida: hidimar wani ofishin tafiye-tafiye da jigilar kaya a Fagge

Shekara tara ke nan ina zaune a birnin Manchesta na ƙasar Ingila, inda nake aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma a tsawon wannan lokaci sau huɗu kacal na taka ƙasar Kano. Uku daga cikin waɗannan zuwa, wato na 2019 da na 2022 da na watan Disambar 2024, duk akwai hannun ofishi guda a cikinsu, wani ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye da jigilar kaya da ke saman bene a Fagge, a yankin da 'yan canji da masu shirya tafiyar Umara suka yi yawa. Suna yanka tikiti, suna kai kaya su kawo ta hannun wani abokin hulɗarsu da ke nan Ingila, sannan suna tura mota ta ɗauko baƙo daga filin jirgi. 'Yan'uwa mazauna nan sun sha tambayata ko ina ba su shawarar su bi ta wurin, amsar kuma ta fi ƙarfin i ko a'a, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani da idona. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, domin akwai ƙorafi mai nauyi a cikin maganata, mai wurin kuma dattijo ne da ya amsa laifinsa a gabana ba tare da ja-in-ja ba.

Ya kamata mai karatu ya san ma'aunin da nake auna su da shi. A watan Afrilun 2020, lokacin da Kano ta yi ta rasa dattawanta ɗaya bayan ɗaya, mahaifina yana cikin waɗanda Allah ya karɓi rayuwarsu. Tun ranar 23 ga Maris aka rufe filayen jiragen saman Nijeriya ga jiragen ƙetare saboda annobar korona, ba a kuma fara buɗe su ba sai a watan Satumba, don haka ta waya na ji an sallace shi, ta waya na karɓi gaisuwa, kuma sai bayan shekara biyu na samu na tsaya a kan kabarinsa na yi masa addu'a. Tun daga nan nake ƙirga kwanakin hutuna kamar yadda mai awo yake ƙirga mudu. Kwana 21 aka ba ni a wurin aiki a zuwan Disambar 2024, ga bikin ƙanwata a tsakiya, ga dangin uwa da na uba tun daga Gwammaja har Bichi, waɗanda kowannensu yake da haƙƙin in je in durƙusa in gaishe shi. Saboda haka duk wanda na ba kuɗina don ya yi mini hidimar tafiya, abin da nake dubawa shi ne kwana nawa ya bar mini in zauna kusa da mahaifiyata, kwana nawa kuma ya cinye.

Ta fuskar tikiti ba ni da abin cewa sai yabo. Dattawa suna ba da labarin zamanin da Kano take zangon jiragen Turai masu ƙetare Sahara, kuma kamfanin KLM na ƙasar Holan ya shafe fiye da shekara 60 yana sauka a garin kafin ya daina a 2012. A yau babu jirgin fasinja da yake tashi daga Ingila ya dire Kano kai tsaye. Ko dai mutum ya yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha, ko kuma ya sauka a Abuja ko Legas ya nemi jirgin cikin gida. Hanya ta biyun takan fi sauƙi a ido, ita kuma na so bi a 2019, amma mai ofishin, wanda kowa yake kira Alhaji, ya hana ni, ya kuma ba ni hujjar da har yau nake maimaita wa wasu. Idan tikitin biyu ne daban-daban, jirgin farko ya makara na biyu ya tashi ya bar ka, babu wanda zai ɗauki asararka, alhali idan tikiti guda ne har Kano nauyin kamfanin ne ya sama maka wani jirgin. Ban da wannan, jiragen cikin gida ba su cika yarda da akwati biyu masu kilo 23 kowanne ba kamar yadda jirgin ƙetare yake yarje maka, saboda haka abin da ka tsira da shi a kuɗin tikiti za ka amayar da shi a kuɗin ƙarin nauyi. Wanda kuwa ya ce zai ƙarasa ta ƙasa daga Abuja, ga hanyar da aka fara sake ginawa tun 2018 da wahalar da ke kanta, ga kuma fargabar da harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2022 ya bari a zukatan iyaye.

A 2022 ne na tabbatar mutumin yana da amana. A lokacin kuɗaɗen kamfanonin jiragen ƙetare sun maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala, kamfanonin kuma suka rufe kujeru masu rahusa ga masu sayar da tikiti daga cikin ƙasar. Da na tura masa saƙo ya yanka mini, sai ya kira ni da kansa ya ce, "Malam, idan na yanka maka a nan zan cuce ka. Ka shiga intanet daga can ka saya da fam, ga ranar da za ka zaɓa, ga kuma wanda zangonsa ba zai wuce awa huɗu ba." Ya bar la'adarsa ta wuce shi a lokacin da kasuwar take matse, kuma ba ni na roƙe shi ba. A 2024, bayan da aka warware matsalar kuɗaɗen, na mayar da tikitina hannunsa, farashin da ya ba ni kuma bai yi nisa da na intanet ba, sai ɗan abin da ya ɗora na hidima wanda ya faɗa mini tun kafin in biya. Shi ya tuna mini in nemo katina na rigakafin zazzaɓin shawara, ya tambayi saura wata nawa fasfona ya ƙare, ya kuma ja kunnena cewa duk wanda ya riƙo kuɗin da ya haura dala 10,000 wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastan, domin ya san masu zuwa biki sukan ɗauko saƙonnin mutane su haɗa da nasu ba tare da sun lissafa ba.

Mun sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano da jinkirin kusan awa biyar, saboda hazon hunturu ya rufe sararin garin a ranar, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Duk wanda ya zaɓi zuwa a Disamba ko Janairu ya san ƙurar da iska take kwasowa daga hamada tana iya hana matuƙi hango titin sauka. Direban da suka turo bai tafi ba, bai kuma nemi ƙarin ko kwabo ba. Wani magidanci ne mai furfura a gemu, ya ja hular sanyi har kunne, yana riƙe da yankin kwali da aka rubuta sunana a jiki. Da 'yan dako da masu neman fasinja suka yi mini caa, sai ya ratso ta tsakaninsu ya kama kurar kayan ya ce, "Barka da sauka, Yallaɓai, ka bar ni da su, ni zan sallame su." A cikin mota ya miƙo mini ambulan mai ɗauke da naira, kwatankwacin abin da na riga na tura wa ofishin, an kuma haɗo da ƙananan takardu kamar yadda na nema, domin wanda ya dawo daga tafiya tun daga ƙofar gida yake fara buƙatarsu. Tsohon layin wayata an riga an rufe shi saboda daɗewa ba a yi amfani da shi ba, sai ya ba ni tasa na kira ƙanina, washegari kuma yaron ofishin ya raka ni na yi rajistar sabo da lambata ta NIN. Muka biyo ta sansanin alhazai muka nufi Ƙofar Ruwa, gari ya yi fari fat, fitilun adaidaita sahu suna ɓullowa cikin hazo kamar aci-bal-bal, har muka shigo Gwammaja, unguwar da gidan Mambayya yake, gidan mutumin da filin jirgin yake ɗauke da sunansa.

Ni ne ɗan fari, don haka Hajiya ba ta kama sunana, ba ta kuma nuna ɗokina a gaban mutane. Na same ta zaune a kan darduma a ƙofar ɗakinta, ta lulluɓa da mayafi biyu, ga kaskon garwashi a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta, ta kawar da kai ta ce, "An zo lafiya? Ya aka baro mutan gidan?" Sannan ta juya wajen ƙanwata ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Daga baya ƙanwar tawa ta raɗa mini cewa tuwon da aka tuƙa tun la'asar sau uku aka ɗumama miyarsa, kuma an yi juyin duniya Hajiya ta shiga ɗaki saboda sanyi ta ƙi. Na kawo wannan ne domin a gane darajar haƙurin direban nan. Da ya gaji ya tafi, da sai na tsaya cinikin mota cikin dare da akwati biyu ba ni da layin waya, tsohuwar nan kuma ta ƙara awa guda ko biyu a tsakar gida tana sauraren ƙarar kowace mota.

Matsalar tana wajen kaya. Mai dawowa daga Turai ba ya iya isa da akwati biyu kawai, domin tsaraba a wurinmu shaida ce cewa ka tuna da mutum tun kana can, kuma idan ka ba wannan ka tsallake wancan ka sayi maganar da za ta daɗe ba ta mutu ba. Mako uku kafin in taso na kai kwali huɗu wurin abokin hulɗarsu a wani sito da ke gefen Manchesta. Biyu kayan kicin ne na amarya, har da na lantarki, kasancewar Ingila da Nijeriya soket iri ɗaya suke amfani da shi, mai baki uku, ƙarfin wutar ma bai bambanta ba. Ɗaya barguna ne, na ƙarshen kuma tsarabar dangi. Aka ce mini fam 6 ne kowane kilo, kayan kuma za su isa cikin kwana 10 zuwa 14. Abin da ba a faɗa mini ba, ko a Kano ko a nan, shi ne jirgin kaya ba nauyi kaɗai yake caji ba, har da wurin da kayan suka cinye. Ana auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, a ninka su, a raba da 6,000, sai a kwatanta abin da ya fito da abin da sikeli ya nuna a ɗauki wanda ya fi yawa. Kwalin barguna, mai 60 da 50 da 40, sikeli ya ba shi kilo 11, lissafi kuma ya ba shi kilo 20, kuma na 20 ɗin aka caje ni. Wannan ƙa'ida ba su suka ƙirƙire ta ba, haka harkar jigilar sama take a ko'ina, amma aikin wanda ya san hanya ne ya gaya wa wanda bai sani ba, kuma da an yi mini bayani da na matse bargunan a cikin ledar da ake zuƙe wa iska na rage kusan rabin kuɗin.

Kwali uku sun riga ni isa, ƙanina ya je ya karɓo. An naɗe su da leda da salatif yadda ya kamata, ko kofi ɗaya bai fashe ba a kayan amarya, kuma babu abin da ya yi ɓatan dabo, wanda duk mai aiko da kaya ya san ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai an karɓi wasu dubban naira a hannunsa da sunan kuɗin fito da kaya, waɗanda ba a ambata mini ba tun farko, ba a kuma ba shi rasit ba. Kwali na huɗu ne bai zo ba. A cikinsa akwai rigunan sanyi da takalma da kwalaben turare tara, kowane ƙulli na rubuta sunan mai shi a jiki, daga ƙanin mahaifina har gwaggona ta Bichi wadda ta goya ni ina yaro.

Sau uku na hau adaidaita sahu na tafi Fagge a kan kwalin nan, kowane zuwa kuma yakan ci mini rabin yini, domin cunkoson da ke tsakanin Kantin Kwari da Wapa a ƙarshen shekara ba ya barin abin hawa ya motsa. Ofishin ɗaki biyu ne. A na farko akwai sikeli babba a ƙasa, da jakunkunan bakko jibge har kusa da silin, da benci da mata masu aika wa 'ya'yansu kayan miya suke zaune a kai, ƙanshin turaren wuta yana kokawa da na daddawa. A kan tebur akwai kwamfuta ta tikiti, amma duk abin da ya shafi kaya a cikin wani babban littafi mai baƙin bango yake, ana rubuta sunan mai kaya da lambar waya da nauyi, shi ke nan. Alhaji ya tafi Umara a lokacin, wani saurayi ne yake riƙe da wurin, mai fara'a da ladabi, wanda yake kirana Dakta tun da ya ji a asibiti nake aiki. Zuwan farko ya ce, "Dakta, kada ka damu, yana Legas, gobe zai shigo." Zuwa na biyu ya ce kwastan ne suka riƙe kayan mutane da yawa. Zuwa na uku ya ce hazo ne. Da na nemi lambar takardar jigilar kayan, wadda kowane kaya da ya hau jirgi yake da ita kuma ake iya bin sawunsa da ita, sai ya ce tana wurin mutanen Ingila. Duk amsoshin nan uku masu yiwuwa ne, shi ya sa na yarda da su, amma ko ɗaya babu gaskiya a ciki.

Kwana takwas na yi ina ɗaga zagayen gaisuwa, ina cewa bari kwalin ya iso in tafi gaba ɗaya. Ranar na tara da safe, ina shan koko a ɗakinta, Hajiya ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Mutumin Ingila, zumunci a ƙafa yake. Kawunku ya aiko sau biyu yana tambaya ko lafiya. Fuska suke son gani." Ranar na shiga Kwari na sayi shadda da atamfa gwargwadon abin da ya rage a aljihuna, wato na biya tsaraba sau biyu, sannan na fara zagaye cikin gaggawa ana tsaka da hidimar biki. Gidajen da ya kamata in wuni a cikinsu na yi musu minti talatin-talatin. Bichi ba ta da nisa da Kano, amma ban samu zuwa ba sai saura kwana biyu in tashi, gwaggo ta riƙe hannuna tana cewa in kwana ko ɗaya ne, na ce mata ba hali. Wannan ce asarar da nake ƙorafi a kanta, kuma ta fi mini ciwo a kan kuɗin shaddar. Ina da nawa kason a ciki, domin bai kamata in ɗaure gaisuwa a jikin kwali ba, amma da an gaya mini gaskiya a ranar farko da na san matsayina na tsara kwanakina.

Ranar da na cika kwana 12 Alhaji ya dawo. Na gaishe shi da dawowa, na zauna, na zayyana masa komai. Bai kare yaronsa ba, bai kuma yi mini alƙawarin gobe ba. Ya kira abokin hulɗarsu na Manchesta ya buɗe muryar wayar a gabana, a nan ne na ji abin da ya faru. Na'urar binciken kaya a filin jirgi ta nuna kwalaben turare, turaren feshi kuwa yana ɗauke da sinadari mai saurin kama wuta, don haka a dokar jigilar sama yana cikin kaya masu haɗari waɗanda sai an yi musu shiri da takardu na musamman. Aka ware kwalin aka mayar da shi sito, bai taɓa barin Ingila ba, balle ya ga Legas. Mutumin ya ce tun kwana uku da faruwar abin ya turo saƙo Kano a tambaye ni ko a cire turaren, saurayin kuma ya ga saƙon, sai tsoron ɓacin raina ya sa ya yi ta ja da ni har maigidansa ya dawo. Na tuna musu cewa na rubuta turare ɓaro-ɓaro a takardar jerin kayan da na miƙa, amma babu wanda ya karanta ta a lokacin karɓa. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, alƙawari kaya ne, kuma mun kasa ɗauka. Ka yi haƙuri, laifinmu ne." Ya mayar mini da kuɗin jigilar kwalin gaba ɗaya da abin da aka karɓa a hannun ƙanina, ya ba da umarnin a cire turaren a ajiye mini, a turo sauran a jirgi na gaba.

Na yaba da wannan, amma ba zan ɓoye ba cewa gyaran da ya yi na mutum ɗaya ne, aibin kuma na tsari ne. Ofishin yana tafiya ne a kan ƙwaƙwalwar Alhaji da mutuncinsa. Idan yana nan komai yana tafiya daidai, idan ya yi tafiya sai wurin ya koma hannun wanda yake ganin kwantar wa abokin ciniki da hankali ya fi gaya masa abin da ba ya son ji. Na san daga inda wannan ɗabi'a ta fito, domin an tarbiyyantar da mu a kan kada yaro ya kai wa babba mummunan labari gatsau, kuma a zaure wannan ladabi ne. A harkar da mutum yake tsara kwanakinsa a kan maganarka kuwa, cuta ce. Abubuwan da za su toshe wannan ƙofa ba su da tsada: takarda guda da aka buga da Hausa mai bayyana abin da jirgi ba ya ɗauka da yadda ake lissafin girman kwali, rasit a kan kowane kuɗi da aka karɓa, da ba mai kaya lambar takardar jigilarsa tun ranar da kayan suka tashi. Na faɗa wa Alhaji haka, ya ce zai duba.

A wajen komawa kuwa suka sake nuna mini ɓangarensu mai kyau. Hajiya ta yi mako guda tana haɗa mini guzuri: kilishin Agadasawa, dambun nama da ta tsaya a kansa da kanta, man shanu a cikin galan, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, zuma da busasshen kifi. Da muka kai ofishin, Alhaji da kansa ya zuge bakkon yana fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ware kilishi da dambu da man shanu gefe ya ce waɗannan ba za su tafi ba, ko a kwali ko a akwati. Dokar Birtaniya ta haramta shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashe irin tamu, saboda gudun cututtukan dabbobi, kuma mutanen da suka kashe miliyoyin dabbobinsu a annobar boru, wato ciwon baki da kofato, ta 2001 ba sa wasa da wannan. Zuma an yarda mutum ya riƙo har kilo 2, kifi kuma har kilo 20, don haka ya ce in saka waɗannan a akwatina. Na san akwai masu tura kilishi a ɓoye cikin garin kuka su karɓi kuɗin mutum, idan an kama a ce ƙaddara ce, shi kuwa ya ƙi. Da ya ga na rasa yadda zan gaya wa Hajiya, sai ya karɓi wayata ya kira ta ya ce, "Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Wannan naman idan ya tafi ƙona shi za su yi, kuma za su iya sa wa yaron nan ido a duk shigarsa. Ki bari ya ci a gabanki ya fi." Ta yi jim, sannan ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." A daren ƙarshe aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka buɗe kilishin da dambun, ƙannena da 'ya'yansu suka kewaye, Hajiya tana daga ƙofar ɗakinta tana tura mini yanki mafi laushi ta hannun jikarta.

A wannan karo ban bar ofishin ba sai da aka rubuta mini jerin kayan da nauyinsu da kuɗin da na biya, aka sa hannu, kuma da kwalin guzurin ya tashi na matsa har aka turo mini lambarsa. Ya iso Manchesta cikin kwana 12, an ɗaure daddawar a leda uku yadda ba ta taɓa sauran kayan ba. Kwali na huɗu kuwa ya isa Kano ranar 9 ga Janairu, kwana biyar bayan tasowata, ƙanina ya bi gida-gida ya raba bisa sunayen da na rubuta, gwaggo ta sa aka turo mini saƙon murya tana sa albarka tana cewa rigar ta zo daidai da sauran sanyi. Zuwa na gaba, idan Allah ya kai mu, zan sake yanka tikiti a wurinsu in kuma nemi direban nan da kansa, kaya kuma zan tura su wata biyu kafin tafiya, ba zan biya ba sai an ba ni komai a rubuce. Kwalaben turaren nan tara na karɓo su daga sito, suna cikin durowata kowacce da sunan mai ita a jiki, kuma tun da ƙa'idar jirgin fasinja ta yarda mutum ya saka turare har lita 2 a akwatinsa, da hannuna zan kai su.